Aure Ba Ya Tsayar da Jini

"Yi haƙuri, da kin yi aure zai daina." Da wuya a sami yarinyar da al'ada ke wahalar da ita a ƙasar Hausa wadda ba ta taɓa jin wannan magana ba, ko daga bakin uwa, ko gwaggo, ko kaka. Ba da mugunta suke faɗa ba, su ma haka aka rarrashe su. Sai yarinya ta cije, ta riƙa ɗora kunzugu a kan kunzugu, tana jiran ranar da za a kai ta ɗakinta. A kai ta, wata ya zagayo, jini ya zo yadda ya saba, wataƙila ma ya fi. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu akwai mutum na biyu a ɗakin, wanda babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani, yana can yana ƙirga kwanaki a zuciyarsa.

Ƙannena 'yan mata da amare, da ku nake. Ku ma samari da angwaye kada ku wuce, don rabin maganar taku ce. Kwanciyar aure ba ta jawo yawan jinin al'ada, ba ta kuma warkar da shi. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganar iyayenmu, domin ciwon mara yakan yi wa mata da yawa sauƙi bayan haihuwar fari, ina jin daga nan zancen ya samo asali. Amma ciwon mara daban, zubar jini fiye da kima daban. Ita zubar tana da dalili a cikin jiki, kuma ɗaurin aure ba ya taɓa wannan dalilin.

Tambayar da ta fi wuya ita ce yaushe za a ce jini ya yi yawa, tunda kowace mace nata kawai ta sani, ba ta taɓa ganin na wata ba. Likitoci sun auna. Mace mai lafiya takan zubar da kimanin mililita 30 zuwa 40 a al'ada guda, wato babban cokali biyu zuwa uku. In ya haura mililita 80, ya wuce kima. To amma wa zai tsaya auna jini da cokali? Alamomin da za ki duba sun fi wannan sauƙi. Idan jinin yana wuce kwana bakwai, idan audugar mata tana cika miki cikin awa ɗaya ko biyu, idan sai kin haɗa biyu kafin ki iya fita, idan kina tashi cikin dare don canji, idan gudajin da ke fita sun kai faɗin murfin kwalbar lemo, to naki ya yi yawa. Ni kuma ina ƙarawa da wata alama da ta fi duk waɗannan bayyana: idan al'ada ce ke tsara miki rayuwa. Kin daina sa kaya masu haske. A gidan biki kina zama a gefen kujera, kafin ki miƙe sai kin raɗa wa ƙawarki ta duba miki baya. Kina shimfiɗa tsohon zani ninki huɗu kafin ki kwanta, da asuba kuma ki riga kowa tashi don ki wanke shi ki shanya a bayan ɗaki kafin surukarki ta fito alwala. Wadda take rayuwa haka ba ta buƙatar awo kafin ta san tana da matsala.

Abin takaici, ko an je asibiti kunya ba ta bari a faɗi gaskiya. Likita ya ce, "Kwana nawa yake yi miki?" A ce, "Yana ɗan jimawa." Ya ce, "Yana zuwa da yawa?" A sunkuyar da kai a ce, "To, ba laifi." Da wannan amsa babu abin da zai iya yi miki sai ya rubuta maganin ƙarin jini ya kira ta gaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki sami ɗan littafi, ko ki buɗe wuri a wayarki, ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara, ranar da ya ɗauke, auduga nawa kika canza kowace rana, da ko kin ga gudaji. Rubutun wata uku ya fi dogon bayani amfani a gaban likita. Zai kuma yi miki amfani a gaban malama, kamar yadda za mu gani.

Jinin da ke fita kowane wata yana tafiya da sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke ƙera sabon jini. In fitar ta fi shigar yawa, sai ajiyar jiki ta ƙare a hankali, mace ba ta ankara ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Wato tun kafin a zo maganar zuba, fiye da rabinmu a ƙasa muke. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi: in kin ga ciki ya yi fari maimakon ja, ki lura. Haki bayan ɗan aiki kaɗan, jiri in an miƙe, bugun zuciya, ciwon kai, zubewar gashi, da wani irin kwaɗayin tauna ƙanƙara ko farar ƙasa, duk alamunsa ne. Awonsa kuwa ba shi da tsada, ɗan jini ake ɗiba, cikin ɗan lokaci a ba ki sakamako.

A nan ne maganar ta shiga shimfiɗar aure, kuma a nan ne aka fi cutar juna ba da niyya ba. Matar da ta yi kwana goma tana zuba, ranar da ta yi wanka ba sha'awa ce a gabanta ba, barci take nema. Jikinta a mace yake, ga fargabar kada a taɓa ta jinin ya dawo, ga kunyar kada ta ɓata shimfiɗa. Mijin kuma ya yi jiran kwana goma, ya ga an yi wanka, ya matso, ta juya baya ta ce ta gaji. Shi bai ga zanin da ake wankewa da asuba ba, don ta ƙware wajen ɓoyewa. Abin da ya gani kawai shi ne matarsa ba ta son sa. Daga nan sai gaisuwa ta gajarce, sai ya fara daɗewa a majalisa, sai wata gwaggo ta ce a binciki yarinyar nan ko an yi mata asiri. Na ga auren da ya kai gaban manya a kan "ba ta ba ni haƙƙina", aka yi ta nasiha a kan biyayya, babu wanda ya tambayi yarinyar kwana nawa take jini a wata. A ƙarshe awon asibiti ya nuna jininta ya kusa rabin abin da ya kamata.

Saduwa a lokacin haila haramun ce, aya ta 222 a Suratul Baƙara ta yanke wannan, kuma babu yawan kwanakin da zai halatta ta. Amma mata da yawa ba su san cewa ba duk jinin da ya fito ne haila ba. Fiƙihun Malikiyya da muka taso a kansa, tun daga Ahalari har Risala, ya yi wa haila iyaka. Mafi tsawonta kwana 15 ne. Wadda ta riga ta san kwanakinta, in jini ya zarce, za ta ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, muddin jimillar ba ta haura 15 ba. Mai kwana bakwai ke nan za ta jira zuwa goma. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, wanda malamai ke kira istihala: za ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi, kuma a wurin mafi yawan malamai ya halatta mijinta ya kusance ta. Mas'alar tana da rassa, musamman ga wadda jininta ke zuwa yana ɗaukewa yana dawowa, don haka ki ɗauki littafin nan naki ki kai wa malamar da ta san fiƙihu ta lissafa miki. Akwai matan da suke shafe wata guda ba salla, ba kusantar miji, suna zaton ibada suke yi, alhali shari'a ta sauke musu wannan nauyin tun tuni.

Ku dubi kuma yadda matan sahabbai suka yi. Fatima 'yar Abu Hubaish ta je da kanta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta gaya masa jininta ba ya ɗaukewa, ta tambaya ko ta bar salla. Ya bayyana mata cewa wannan jinin jijiya ne, ba haila ba. Hamna 'yar Jahshi ma ta kai irin wannan kuka, ya fara da ba ta shawarar yin amfani da auduga, ta ce masa abin ya fi ƙarfin haka. Waɗannan mata sun fi mu kunya, sun fi mu tsoron Allah, amma sun buɗe baki sun kwatanta yawan jininsu don neman mafita. Ban san inda muka samo tamu kunyar ba, wadda ke hana mace gaya wa mijin da take kwana ɗaki ɗaya da shi.

Halacci kuwa ba tilas ba ne, a nan nake son angwaye su saurara da kyau. Cewa jinin ciwo bai hana kusanta ba, ba ya nufin ka zo da fatawa a hannu kana neman haƙƙi a wurin macen da ke ganin jiri in ta tashi zaune. Ka tambaye ta. In tana jin ciwo, ka haƙura. In ba ta jin komai kuma tana so, likitoci ba su ga wata illa a saduwar kanta ba, sai dai a kiyaye abubuwa kaɗan. Jini yana sauƙaƙa yaɗuwar ƙanjamau da ciwon hanta, don haka ku san matsayinku ku biyu, in akwai shakka a yi amfani da kororon roba. Ciki yana iya shiga ko ana ganin jini, domin maniyyi yakan rayu har kwana biyar a jikin mace, kuma wadda al'adarta ta rikice ba ta san ranar da ƙwanta zai fito ba. In kuma likita ya ce a dakata, saboda ciwon sanyi da ake magani, ko jini a kan ƙaramin ciki, ko bayan tiyata, to a dakata har sai ya ba da izini.

Ko a kwanakin hailar ma, abin da aka hana guda ɗaya ne. Ba a ce ka ƙaurace wa ɗakinta ba, ba a ce ka daina cin abincinta ko ka raba shimfiɗa ba. Nana A'isha ta ba da labarin yadda Annabi yake zama da matansa a irin waɗannan kwanaki, suna ɗaura zani ya rungume su, yana ci yana sha tare da su. Matar da take jini kwana goma sha biyu a wata, in duk kwanakin nan mijinta ya mayar da ita kamar baƙuwa, to kusan rabin aurenta a kaɗaice take yin sa. Ka zauna kusa da ita, ka sa mata ruwan zafi a gora ta ɗora a mara, ka sayo audugar da kanka ba sai ta roƙa ba. Kuma ka ware kuɗinta a cikin cefane, domin mai yawan jini tana cinye fakiti uku ko huɗu inda wata ke amfani da ɗaya, da yawa kuma suna komawa tsumma ne don nauyin tambaya. Wanda ke da mata fiye da ɗaya ya sani cewa ciwo ba ya soke kwanan mace.

To me ke kawo yawan jinin? A 'yan shekarun farko bayan fara al'ada, sau da yawa jiki ne bai daidaita fitar da ƙwai ba, sai bangon mahaifa ya yi ta kauri, ranar da zai zubo ya zubo da yawa. Haka ma yakan faru in mace ta doshi daina al'ada. Ciwon maƙoƙo da yawan ƙiba suna iya rikita lissafin. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana ƙara jini, allurar wata uku da ashanar hannu kuma sukan kawo ɗigo marar tsari, musamman a watannin farko. Mai shan maganin tsinka jini ita ma za ta ga ƙari.

Amma wanda ya fi addabar matanmu shi ne ƙarin mahaifa, wanda a asibiti ake kira faibiroid. Tsiro ne na naman mahaifa, ba kansa ba ne, kuma ya fi kama baƙar fata, ya fi kuma kama mu da wuri. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya gano cewa kafin shekara 50, sama da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna da shi, fararen kuma kusan kashi 70. Yawancinsu ba su ma san da shi ba, don ba ya damun su. Wanda ya tsiro ta cikin mahaifa shi ne mai sa zuba, ko da ƙarami ne. Babba kuma yakan sa nauyin mara, yawan fitsari, da jin zafi can ciki lokacin saduwa. Hoton sikanin ne ke nuna shi. Masu tallar magani a mota da rediyo suna alƙawarin narkar da shi ya zube, ni dai ban san wani jiƙo da aka tabbatar yana yin haka ba, abin da na sani shi ne watannin da ake ɓatawa ana sha, jini yana ci gaba da tafiya.

Akwai kuma wanda ake gado, jinin ne kansa ba ya saurin daskarewa. A 1926 wani likita ɗan ƙasar Finland, Erik von Willebrand, ya bayyana wannan ciwo bayan ya bibiyi wani dangi a tsibiran Aland. Yarinyar da ya fara dubawa tana 'yar shekara biyar, daga baya jini ne ya kashe ta a al'adarta ta huɗu. Har yau ciwon yana ɗauke da sunansa, kuma kimanin ɗaya cikin goma na mata masu yawan jinin al'ada shi ne ke damun su. In tun al'adarki ta farko kike zuba, kina yawan haɓo, dasashinki na jini, an taɓa cire miki haƙori jini ya ƙi tsayawa, ko mahaifiyarki da 'yan'uwanki mata haka suke, ki gaya wa likita wannan tarihin kafin aure. Irin wannan yarinya tana iya zubar da jini mai yawa a daren farko, mutane suna murna, ita tana galabaita. Haihuwa kuma sai an yi mata shiri.

Jinin da ke fitowa bayan saduwa, a kwanakin tsarki, wannan wani babi ne dabam, kuma ba na so ku haɗa shi da yawan al'ada. Ban da 'yan kwanakin farkon aure, bai kamata kusanta ta riƙa jawo jini ba. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne: bushewa, ciwon sanyi a bakin mahaifa, ɗan tsiro marar illa, ko rauni daga abubuwan da ake cusawa da sunan matsi. Amma shi ne kuma alamar farko da kansar bakin mahaifa ta fi nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu, mafi yawa don an zo asibiti a makare. In kin ga irin wannan jini fiye da sau ɗaya, ki je a duba bakin mahaifar, aikin 'yan mintoci ne. Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta sa rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa wannan kansa cikin alluran da ake yi kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. In kuna da ƙanne a wannan shekaru, ku kai su.

Tunda na ambaci matsi, bari in faɗi ra'ayina a kai. Matar da ta ga jini yana nisanta ta da mijinta takan ruɗe, ta ce bari ta rama a 'yan kwanakin da suka rage mata, sai ta faɗa hannun masu kayan mata. A ba ta alif, a ba ta garin da ba a san me aka daka ba, a ce ta cusa. Wurin da ya yi kwana goma yana jiƙe da jini ya riga ya yi laushi, sai a ƙara masa abin da zai ƙone shi. Abin da ke biyo baya ƙaiƙayi ne da zafi da sabon jini. Kuɗin da aka kashe a nan ya isa kati da awo da sikanin.

Magani kuwa akwai shi, kuma yawancinsa ba tiyata ba ce, wannan shi ne abin da tsoro ke hana mutane ji. Na farko ƙwaya ce mai suna taranezamik asid, wadda wasu likitoci mata da miji 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka fito da ita a 1962. Tana hana jinin da ya daskare saurin narkewa. Ana shan ta ne a kwanakin zubar kaɗai, kwana uku zuwa biyar, tana rage jinin da kusan rabi. Ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta taɓa sha'awa, don haka ta dace da amaryar da ke neman haihuwa. Ita ce dai ake yi wa mata allurarta in jini ya ɓalle bayan haihuwa, kuma asibitocin Najeriya suna cikin waɗanda aka yi babban gwajin da ya tabbatar da hakan, wanda aka wallafa a 2017. Sai dai wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa ko huhu ba za ta sha ba, shi ya sa likita ne zai rubuta, ba yaron kemis ba. Magungunan ciwo irin su ibuprofen da Ponstan suna rage ciwon mara, suna kuma rage jinin kaɗan, amma mai gyambon ciki da mai ciwon rashin daskarewar jini su nisance su. Asfirin kuwa ƙara zubar yake yi.

Sai magungunan da ke daidaita sinadaran jikin mace. Ƙwayoyin tazarar haihuwa na kullum suna rage jini, suna kuma sa shi zuwa a kan lokaci. Wadda ta fi su duka ƙarfi ita ce robar mahaifa mai sinadari, irin su Mirena, wadda ba ɗaya take da mai jan ƙarfe ba. Tana sa bangon mahaifa ya yi siriri, bayan 'yan watanni jinin yakan ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, wasu ma ya ɗauke gaba ɗaya, kuma tana aiki shekara biyar. Na san tambayoyin da ke biyo baya. Jinin da bai fito ba ba taruwa yake yi a ciki ba, tun asali ba a ƙera shi ba ne. Robar tana cikin mahaifa, ba ta hanyar da miji yake bi ba, in ya ji zarenta nas za ta rage tsawonsa. Watannin farko akan yi ɗigo, sai an yi haƙuri. Ranar da aka cire ta kuma haihuwa tana dawowa. Aibinta ɗaya ga sabon aure: muddin tana ciki ba za a ɗauki ciki ba, don haka shawara ce ta mutum biyu.

In ƙarin mahaifa ne ya yi girma, ana iya cire shi a bar mahaifar, mata da yawa sun haihu bayan haka. Akan ce a jira kimanin mako shida kafin a koma shimfiɗa. Cire mahaifa gaba ɗaya shi ne matakin ƙarshe, ga wadda ta gama haihuwa kuma komai ya gaza, ba kuma ya hana zaman aure.

Duk maganin da aka zaɓa, sai an mayar da jinin da ya tafi. Lemon malt da madara da ake haɗa wa mai ƙarancin jini yana da daɗi, amma babu ƙarfen kirki a cikinsa, madarar ma tana tare hanyar shigarsa. Hanta, jan nama, kifi, wake, zogale da alayyahu sun fi. In jinin ya yi ƙasa sosai abinci kaɗai ba zai cike gurbin ba, sai ƙwayar ƙarin jini, kuma a ci gaba da sha wata uku bayan awo ya daidaita. Za ta mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne. Kada a kora ta da shayi, a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu, in da lemon zaƙi ko gwaiba a haɗa da su. Dalilin da ya sa na dage a nan shi ne amarya yau mai ciki ce gobe, kuma zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan. Wadda ta shiga naƙuda da rabin jini ba ta da rarar da za ta yi asara.

Ku 'yan matan da ba ku yi aure ba, na san abin da ke hana ku zuwa. Kuna tsoron a gan ku a layin likitan mata a ce me ya kai budurwa can, kuna kuma tsoron a taɓa budurcinku. Awon jini a hannu ake yi, sikanin a kan ciki ake ɗorawa, kuma likita ba ya duba budurwa ta ciki haka kawai. Ki gaya masa ba ki taɓa aure ba, in kin fi son mace ki nema. In an rubuta miki ƙwayoyin tazarar haihuwa don tsayar da jini, ki sa likitan ya yi wa mahaifiyarki bayani da bakinsa, don kada a gan su a jakarki a yi miki mummunar fassara. Ba sa hana haihuwa nan gaba. Masu shirin biki kuma, na san ana shan Primolut don ɗage al'ada, kamar yadda ake yi lokacin azumi da aikin Hajji. Yana aiki, amma ba ya maganin dalilin zubar, ba ya hana ɗaukar ciki a yadda ake shan sa, kuma kwana biyu ko uku bayan an daina jinin zai zo. In kin san al'adarki mai yawa ce, ki ga likita wata uku kafin ranar biki, maimakon ki aika a sayo miki ƙwaya ana gobe kamu. Ban ce ki zauna ki karanta wa saurayi tarihin al'adarki a zaure ba. Amma da zarar an ɗaura, kafin watan farko ya zagayo, ki gaya masa yadda jikinki yake, da bakinki, tun bai fassara shirunki da wani abu ba.

Akwai lokacin da ba a jiran gari ya waye. In auduga tana cika duk awa har awa biyu ko uku a jere, in mace ta suma ko numfashinta yana sama-sama, ko kuma al'ada ta yi jinkiri sannan jini ya zo da matsanancin ciwo a gefe ɗaya na mara, wannan na iya zama ɓari ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Angwaye, wannan aikinku ne: kada ku tsaya jiƙa rubutu ko neman izinin wani, ku nemi abin hawa ku kai ta asibiti a daren.